Raita biyu, faifai kusan 30 sun lalace: ina matsalar take?

Tambaya daga wani mai karatu a Daura: "Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar kwamfutar tebur a gida mai Windows 7, da raita biyu a jikinta. Mahaifinmu ya sa ni in ɗora mashi karatun tafsirin da aka naɗa da azumi, da bidiyon walimar saukar ƙannena, a kan faifai, domin shi da abokansa ba su saba da kallo a waya ba. Raitar sama tana buga CD lafiya lau, amma da na sa DVD sai ta rubuto 'Power Calibration Error' ta turo faifan waje. Ta ƙasa kuma tana farawa, sai ta kai wajen kashi 80 ko 90 ta tsaya da 'Write Error'. Guda uku da suka kammala, kwamfuta tana buɗe su, amma na'urar kallon Baba ba ta nuna komai. Na sauke Nero na sake ɗorawa har sau biyu. Faifai kusan 30 sun tafi. Shin in sake wa kwamfutar Windows ne, ko in sayi sabuwar raita?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya yi maka albarka bisa wannan hidima ta mahaifi, ya sa a gama lafiya. Ka dakata da sake Windows, kuɗin sabuwar raita, wato na'urar buga faifai, ma ka bar su a aljihu tukuna. Yadda na karanta bayaninka, ba ciwo ɗaya ke damunka ba, uku ne suka taru a gida ɗaya: raitar da ke ƙin farawa, raitar da ke gazawa dab da ƙarshe, sai faifan da ya kammala amma na'urar falo ba ta gane shi. Kowanne da inda ya samo asali, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da nake zaton laifin Nero ne, wato manhajar buga faifan da kake amfani da ita.

Na daɗe ina gyaran kwamfuta a nan Katsina, tun zamanin da kowane shagon buga takardu ke da tulin faifai a gefen tebur. Abin da aikin ya koya mani shi ne, kafin in karanta saƙon da ya fito a allo, sai in tambayi mai kayan: a daidai ina aikin ya tsaya? A farko, a tsakiya, dab da ƙarshe, ko bayan an gama? Wannan amsar ita ke nuna mani inda zan dosa. Kai kuwa ka riga ka ba ni ita, shi ya sa tambayarka ta yi daɗin amsawa.

Abin da ke gudana a cikin raita

Abin da muke ce wa bonin a shago ƙonawa ce ta gaske. Faifan da ba a taɓa bugawa ba yana ɗauke da wani siririn shafe na rini, shi ne launin shunayyar nan da kake gani a cikin DVD, ko kore-kore a wasu CD. Idon raita yana harba hasken leza ya ƙona rinin ɗigo-ɗigo a kan layi ɗaya tal wanda ya nannaɗe daga cibiya zuwa baki, daidai yadda iyayenmu mata ke ɗinka faifan rufe ƙwarya: daga tsakiya ake farawa, a baki ake ƙarewa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa. Abin da aka ƙona a CD-R ko DVD-R ba ya gogewa, don haka kuskure ɗaya faifai ɗaya yake ci.

Abu na biyu da mutane da yawa ba su sani ba: raitar DVD tana da leza biyu a cikin idonta. Na CD dabam, tsawon zangon haskensa nanomita 780 ne. Na DVD dabam, ja ne, nanomita 650. Karanta faifai ɗan ƙarfi kaɗan yake buƙata, amma ƙona rini yana neman ninkin wannan ƙarfin sau da yawa. Saboda haka ido ba ya mutuwa rana ɗaya. Yawanci buga DVD ne ke fara gagararsa, daga baya karanta DVD, alhali ɓangaren CD yana nan garau yana aiki shekara da shekaru. Mai kaya sai ya ce ai raitar lafiyarta ƙalau tunda tana buga CD, bai san ma'aikata biyu ne a ɗaki ɗaya ba, ɗaya ya gaji ɗaya bai gaji ba.

Raitar sama, wadda ba ta ko farawa

Kafin raita ta rubuta ko harafi ɗaya na kayanka, tana zuwa wani ɗan fili da aka keɓe can kusa da cibiyar faifai ta gwada ƙarfin haskenta. Ta ƙona kaɗan, ta karanta, ta ƙara ƙarfi, ta sake karantawa, har ta sami ma'aunin da ya dace da wannan rinin. Idan ta gwada duk ƙarfin da take da shi ba ta sami rubutu mai kyau ba, sai ta haƙura ta turo maka "Power Calibration Error". Kalmar "power" a nan ba wutar gida take nufi ba, ƙarfin hasken ido take nufi. Abu uku ke kawo wannan: ko faifan bai da kyau, ko ƙura ta rufe gilashin ido, ko lezar ta raunana. A jere nake bin su, domin na farko ya fi araha a gwada, na ƙarshe kuwa ba shi da magani.

Maganar faifai ita ce wadda zan fi daɗewa a kai, don a nan mafi yawan asarar mutanenmu take. Sunan da aka buga a saman faifai ba shi ne wanda ya ƙera shi ba. Masana'antu 'yan kaɗan ne ke ƙera faifai a duniya, 'yan kasuwa su saya su manna sunayensu. Amma kowane DVD na bugawa yana da lambar masana'anta da aka dasa a jikinsa, raita kuma tana da jeri a cikin ƙwaƙwalwarta na waɗannan lambobi, da irin ƙarfi da gudun da ya dace da kowace. Idan ta ci karo da lambar da ba ta sani ba, sai ta yi amfani da ma'aunin gama-gari, wanda wani lokaci ya dace wani lokaci ya kuskure. Abin da ya fi muni, akwai faifan jabu da ke ɗauke da lambar babbar masana'anta alhali rininsa na banza ne. Raita ta gaskata lambar, ta harba ƙarfin da ya dace da na ainihi, aiki ya ɓaci.

Ga kuma halin da kasuwar take ciki yanzu. Kamfanin Taiyo Yuden na Japan, wanda masu wannan sana'a suka fi yarda da faifansa, ya daina ƙerawa tun ƙarshen 2015. Filashi da memori da waya sun janye masu saye, don haka kayan da ke kan teburan 'yan kasuwa galibi sun daɗe a ajiye. Rinin faifai kuwa ba ya shiri da rana da zafi. Sandar faifai 50 da ta sha ranar bazara shekara biyu ko uku a kan tebur a bakin titi, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ta riga ta fara lalacewa tun kafin ka biya kuɗinta. Na taɓa canza wa wani malamin makaranta raita sabuwa fil a kan irin wannan saƙon, muka sa faifansa, saƙon ya sake fitowa. Da na bincika sai na tarar a bayan mota yake ajiye sandar faifan tun da damina ta wuce. Muka mayar da tsohuwar raitarsa, muka sa faifai daga wani kwali dabam, ta buga ba gardama. Tun daga ranar ban ƙara kwance raita ba sai na gwada faifai iri biyu ko uku.

Don haka ka nemo faifai biyu-biyu daga kamfanoni dabam-dabam, kada ka sayi sanda guda. Ka fi son wanda ke cikin leda a rufe, daga shagon da ke ajiye kaya a inuwa. Idan ba ka samu a Daura ba, ka sa a duba maka a Babbar Kasuwar Katsina, ko wani mai zuwa Kano ya leƙa maka shagunan kwamfuta na titin Beirut. Ka ɗaga faifan ka duba cikinsa a haske: idan ka ga dabbare-dabbare, ko launin ya kode wajen baki, ajiye shi. Sannan ka sauke wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna ImgBurn. Tsohuwa ce, fitowarta ta ƙarshe a 2013 ne, amma har yau ban ga wadda ta kai ta bayani ba. Da ka sa faifai za ta nuna maka lambar masana'antarsa da gudun da raitarka ta yarda ta buga shi da shi, kuma idan aiki ya tsaya tana rubuta dalilin da raitar da kanta ta bayar, ba taƙaitaccen saƙo kawai ba.

Idan faifai iri uku duk sun ba da saƙo ɗaya a raitar sama, sai mu koma kan ƙura. Kai da ke Daura ba sai na ba ka labarin hunturu ba. Fankar kwamfutar tebur tana fitar da iska ta baya, sabuwar iska kuma tana shigowa ta kowace kafa ta gaba, har da bakin raita. Shekara biyar na wannan ya isa ya shimfiɗa wa gilashin ido mayafin ƙura. Gilashin bai fi ƙwayar gero biyu ko uku girma ba, don haka ƙura kaɗan ta isa ta rage hasken da ke fita. A laftof abin da sauƙi, da ka jawo tiren za ka ga idon a fili. A ta tebur sai ka kashe kwamfuta, ka zare wayar wuta daga bango, ka ciro raitar, ka kwance kusoshin ƙasanta ka ɗaga murfin. Ka sami audugar goge kunne, ka ɗan jiƙa ta da sifirit fari irin wanda masu gyaran waya ke wanke allo da shi, ka shafa a hankali sau biyu ko uku, ka bar shi ya bushe. Idon a kan wasu siraran wayoyi yake lilo, in ka danna da ƙarfi ka karkatar da shi, shi ke nan. Kada ka sa fetur, kada ka sa turare, kada ka hura da baki, kuma kada ka kunna raita a buɗe kana leƙa idon, domin hasken CD ba ya ganuwa sosai amma yana cutar da ido. Faifan nan mai ɗan buroshi da ake sayarwa don wanke ido ban cika son sa ba. Ƙurar da ta kama jiki ba ya cire ta.

In an goge ido, an canza faifai, saƙon bai canza ba, to lezar DVD ta raitar sama ta gaji. Za ka sami mai gyaran da zai ce maka zai ƙara mata wuta, ya murɗa wani ɗan dunƙule da ke gefen ido. Gaskiya ne takan farfaɗo na ɗan lokaci, amma abin da ya yi shi ne tilasta wa gajiyayye ɗaukar kaya, kuma ƙarshenta mutuwa gaba ɗaya. Ban ba ka shawarar biyan kuɗi a kan wannan ba. Ka bar ta a matsayin raitar CD, tunda karatun tafsirin ma a CD zai fi yi wa Baba amfani.

Raitar ƙasa, mai gazawa a kashi 80 ko 90

Wannan ita nake sa ran za ta gama maka aikin. Tunda tana wuce gwajin farko ta yi tafiya mai nisa, idonta na da sauran ƙarfi. Ka tuna a baki ake ƙarewa. Kashi 80 zuwa 90 yana nufin ido ya iso kusa da bakin faifai, kuma abu biyu ke haɗuwa a wurin. Na ɗaya, a masana'anta ana zuba rini ne a tsakiya a juya faifan ya bazu, don haka a faifai mai araha bakin ne ke samun shafe marar daidaito. Na biyu, a can ne gudu ke kai ƙarshensa. In ka bar manhaja a kan "Maximum", raita tana farawa a hankali tana ƙara gudu, ba ta kai 16x ɗin da aka rubuta a kwali sai a bakin faifai, lokacin tana juya shi fiye da sau 9,000 a minti ɗaya. Wuri mafi rauni, a gudu mafi tsanani, da ido mai shekaru. Ba abin mamaki ba ne ta faɗi a nan.

Maganin farko kyauta ne: ka rage gudu. DVD ka buga a 4x, ko 6x, in ya yi yawa 8x. CD kuma 16x ya isa. A 16x DVD cikakke yana ɗaukar wajen minti 6, a 4x wajen minti 15. Minti tara ne bambancin, ka kwatanta da faifai 30. Sai dai kada ka zarce ka ce 1x ya fi kowanne. Faifan da aka yi don 16x ba a tsara rininsa don tafiyar hawainiya ba, kuma yawancin raitoci ba za su ma yarda ba. Ka zaɓi na ƙasa ko na biye da shi daga cikin gudun da ImgBurn ta nuna maka.

Na biyu, kada ka cika faifai maƙil. An rubuta 4.7 GB a jikinsa, amma da lissafin Windows kimanin 4.38 ne, saboda masu faifai da dubu suke ƙirga, kwamfuta kuma da 1,024. Ni a faifan da ban yarda da shi sosai ba, ba na wuce 4 GB, in bar bakin nan mai matsala fanko. Faifai mai hawa biyu na 8.5 GB kuwa ka rabu da shi a wannan aikin. Yana da tsada, kuma tsofaffin raitoci sun fi faɗuwa a daidai wurin sauya hawa, wajen rabin aiki.

Akwai zafi kuma. Leza tana raunana in ta ɗumama, kuma raitar gida ba injin kwafe-kwafe na 'yan kasuwa ba ce. Idan ka lura faifai na farko da na biyu suna fita lafiya, na uku da na huɗu ne ke lalacewa, to zafi ne. Ka riƙa ba ta hutun minti goma tsakanin faifai, ka yi aikin da sassafe ko bayan isha'i, ka kuma buɗe gefen akwatin kwamfutar ka kakkaɓe ƙurar fanka.

Wuta da wayoyi

Raitar tebur tana shan wuta layi biyu daga fawa-fak, wato akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfuta, bolt 12 na injin juya faifai da bolt 5 na allonta, kuma tana jan mafi yawa ne a lokacin da gudu ya kai ƙarshe. Fawa-fak ɗin da ya tsufa, ga raita biyu, ga rumbun ajiya, ga wutar da ke hawa da sauka ko ƙaramin janareta da firij ke tashi a kansa, duk suna iya sa wutar ta ɗan nutse na ƙiftawar ido. Kwamfuta ba za ta mutu ba, amma layin da ake ƙonawa ya riga ya karkace. Gwajin mai sauƙi ne: ka zare wayoyin raitar sama gaba ɗaya, ka bar ta ƙasa ita kaɗai, ka ba ta wani bakin wuta dabam daga fawa-fak. In kana da UPS ka sa, domin ɗauke wuta a tsakiyar bugu ba ya barin faifai da rai. Ga masu raitar waje ta USB, su sani ramin USB 2.0 miliamfiya 500 kawai yake bayarwa, na 3.0 kuma 900, shi ya sa wasu ke zuwa da waya mai kai biyu. A soka duka biyun, a bayan kwamfuta, ba a ramukan gaba ba.

Ka leƙa kuma ka ga irin wayar da ke bayan raitocin. In siririya ce, SATA ke nan, sai ka canza ta da wata ka gani. In mai faɗin nan ce kamar ɗamara, IDE ce, kuma idan raita biyu suna kan ɗamara ɗaya dole ɗaya ta zama "Master" ɗaya "Slave" ta wurin ɗan maɓallin roba da ke bayansu. A irin waɗannan tsofaffin akwai wata matsala da ta wahalar da mu sosai a zamanin Windows XP: idan raita ta yi kuskuren karatu sau shida, misali a kan faifai mai ƙarzuwa, sai Windows ta sauke ta daga hanya mai sauri da ake kira DMA zuwa ta a hankali mai suna PIO, ba tare da ta gaya wa kowa ba. Alamarta ita ce kwamfuta ta yi nauyi lokacin bugu, linzami yana tsalle, ma'aunin "buffer", wato ɗan ma'ajin da kaya ke jira a ciki kafin a ƙona su, yana faɗuwa ƙasa yana tashi. A Windows 7 ka shiga Device Manager, ka buɗe "IDE ATA/ATAPI controllers", ka duba kowace tasha ka tabbatar akwai alama a kan "Enable DMA".

Maganar "buffer" ɗin nan, a da ita ce babbar mai kashe faifai: in kwamfuta ta yi jinkirin miƙo kaya, ido ya tsaya, faifai ya tafi. Tun wajen shekarar 2000, da kamfanin Sanyo ya fito da fasahar BURN-Proof, raitoci suka koyi tsayawa su ci gaba daga inda suka tsaya. Duk da haka kada ka buga kai tsaye daga filashi, ko memori, ko waya da ka jona. Ka fara kwafe komai zuwa rumbun kwamfuta. In fayil ya ƙi kwafuwa, ka gano mai laifi tun ba ka yi asarar faifai ba. Ka kuma tabbatar C: yana da fili fiye da girman abin da za ka buga, domin a nan manhaja ke tara kayan kafin ta fara.

Windows fa? Tana da nata laifin, amma alamunsa dabam ne: raita ta ɓace daga My Computer, ko ta fito da alamar rawaya a Device Manager da lamba 19 ko 39. Wannan yakan biyo bayan ɗora manhajojin bugu da yawa da sauke su, kuma ana gyara shi ta goge "UpperFilters" da "LowerFilters" a rajistar Windows ƙarƙashin sashen raitoci. Kai ba ka da wannan alamar, don haka kada ka taɓa rajista. Saƙonni biyun da ka ambata daga cikin raitar suke fitowa, Nero isar da su kawai ta yi. Ko sau goma ka sake Windows, su za ka sake gani.

Faifai ukun da na'urar Baba ta ƙi

Waɗannan ina kyautata zaton lafiyarsu ƙalau, shiri ne bai dace ba. Kwamfuta tana buɗe kusan komai, na'urar falo kuwa abin da aka koya mata kawai ta sani. Idan ka jefa fayil ɗin MP4 da aka ɗauka da waya cikin faifai, ka yi faifan ajiya ne, ba faifan kallo ba. Faifan kallo na ainihi yana da folda mai suna VIDEO_TS, da fayilolin VOB da IFO a ciki, bidiyon kuma an juya shi zuwa MPEG-2. Nero mai sashen bidiyo tana yin wannan, haka ma DVDStyler da DVD Flick, dukansu biyun kyauta ne. In ta tambaye ka PAL ko NTSC, ka zaɓi PAL, shi ne tsarin talabijin na Najeriya.

Sai rufe faifai. Idan ka buga da Windows kai tsaye, tana tambaya ko a yi shi kamar filashi ko don na'urar CD da DVD. Na farkon yana barin faifai a buɗe don a ƙara kaya daga baya, kuma na'urorin falo da yawa ba sa karanta buɗaɗɗen faifai, sai su ce babu faifai a ciki. Ka zaɓi na biyu. A Nero kuma ka kashe "multisession", ka sa alama a kan "Finalize disc". Ka duba kwalin faifanka ma: akwai DVD-R mai alamar ragi, wanda Pioneer ta fito da shi a 1997, akwai DVD+R mai alamar tarawa da ya biyo baya a 2002. Tsofaffin na'urori sun fi sabawa da mai ragi, don haka shi za ka saya wa Baba.

Karatun tafsiri kuwa sai ka yi zaɓi. CD na sauti irin na asali minti 80 kawai yake ɗauka, kome ƙanƙantar fayilolin, amma kowace na'ura tana karanta shi, har rediyon tsohuwar mota. CD na MP3 yana ɗaukar megabait 700, wanda a sautin magana zai iya haɗiye karatun kwanaki da yawa, amma sai na'urar da aka rubuta MP3 a goshinta. Ka je ka duba goshin na'urar Baba da ta abokansa kafin ka yanke. In ka ga ramin USB a jikinta, ka gwada sa karatun a filashi. Mai yiwuwa ka sami sauƙin rabin aikin. Ka sa wa fayilolin lamba a farkon suna, 01, 02, 03, don karatun ya bi jeri, dattijo kada ya ji Baƙara bayan Ali Imrana.

Da ni ne a gaban kwamfutarka, da DVD-RW ɗaya zan fara saye, wanda ake gogewa a sake bugawa, in yi duk gwajin shirin bidiyo a kansa har sai na ga hoto a talabijin ɗin Baba, in dai na'urarsa tana karɓar irinsa. Daga nan in zare raitar sama, in sa sabon DVD-R a ta ƙasa, gudu 4x, kaya ƙasa da 4 GB, in kunna "Verify" don manhaja ta sake karanta faifan ta gwada shi da na asali. Abu ɗaya nake canzawa a kowane gwaji, in rubuta sakamakon a takarda. In ka canza faifai da gudu da waya a lokaci guda, ko ya yi ba za ka san wanne ne ya gyara ba. In ka gama, ka rubuta suna a saman faifai da maka mai laushi, ba biro ba, musamman a CD, domin rubutunsa dab da fentin sama yake kwance. Kuma don Allah kada ka goge bidiyon walimar daga kwamfuta don ka ga ya hau faifai. Ka bar kwafi a rumbu, wani a filashi.

Daga Katsina nake ba ka wannan amsa, ban ji ƙarar raitocin ba, ban ga cikin faifanka ba, kuma akwai abin da sai hannu ya taɓa ake ganewa, kamar injin juyawa da ya fara sanyi ko sandar da ido ke tafiya a kai da maiƙonta ya bushe. Idan ka bi duk wannan, raitar ƙasa ta ci gaba da faɗuwa a faifai iri uku a 4x, to lokacin sabuwa ya yi. Ka duba ko babban allon da ke cikin akwatin kwamfutarka na da ramin SATA kafin ka saya, ka kuma tabbatar an rubuta DVD-RW ko "DVD Multi Recorder" a goshinta, domin wadda aka rubuta wa DVD-ROM karatu kawai take yi, "Combo" kuma CD kaɗai take bugawa. In ta hannu ce, kada ka biya sai mai shago ya buga DVD cikakke a gabanka ya kuma wuce "Verify". In kuwa abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ka kwafo mani rubutun da ImgBurn ke fitarwa a ƙasan allo, daga layin da ke nuna sunan raita har zuwa inda ta tsaya, ka turo mu duba tare. A gaida Baba.